AGAJIN DA YA TSAYA A HANYA

Ran 25 ga watan Maris, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu ga wani umurni, cewa daga ran 30 ga Satumba na shekarar baitulmalin ƙasarsa ya bar biyan mutane da takardar ceki, sai fa inda lalura ta tilasta. Watau duk wanda ke bin Gwamnati wani haƙƙi, ko rarar haraji ce, ko fansho, ko agaji, sai ya kawo lambar asusunsa na banki a zuba masa a ciki. Mazauna ƙasar galibinsu ba su ji komai ba, gama da ma haka a ke biyansu. Cikin waɗanda maganar ta shafa har da 'yan ƙasar da ke zaune a wajenta, a cikinsu kuwa akwai namu: wanda ya tafi karatu ya daɗe har ya sami takardar zama ɗan ƙasa, sa'an nan ya komo Kano ko Zariya, da ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana kasa kaya a titunan Niyok, ya dawo Yamai ko Maraɗi da furfurarsa, da ɗan zangon Kumasi wanda ya yi tuƙin tasi a can har ya gaji. Saboda su mu ke son mu waiwayi abin da ya auku a shekarun annoba, domin a lokacin ne aka ga nisan da ke tsakanin a ce an ba ka da a ce ka karɓa.

Ga yadda abin ya tafi. Sa'ad da cutar korona ta rufe kasuwanni da ma'aikatu, Majalisar Amurka ta yi doka, aka sa mata hannu ran 27 ga Maris, 2020, cewa a ba kowane baligi dala 1,200, kowane yaron da bai kai shekara 17 ba dala 500, muddin abin da mutum ke samu a shekara bai wuce dala 75,000 ba, ko 150,000 ga miji da mata a haɗe. Wanda ya ɗara haka a riƙa rage masa kaɗan kaɗan har rabonsa ya ƙare. A ƙarshen Disamba na shekarar aka ƙara dala 600 ga babba da yaro. Da Joe Biden ya hau mulki, ran 11 ga Maris, 2021, aka yi dokar rabo na uku, dala 1,400 ga kowane kai. Baligin da ya sami duka ukun ya tashi da dala 3,200 ke nan. Hukumomin da ke bin diddigin kuɗin sun ce an aika biya fiye da miliyan 476, jimlarsu dala biliyan 814. Mai karatu ya riƙe wannan kalma ta "an aika", za mu komo gare ta.

Mai tambaya zai ce, ina ruwan mazaunin Kano da rabon da a ke yi a Amurka? Amsa ita ce, Amurka ta saɓa wa kusan dukan ƙasashen duniya a wani abu guda. Sauran ƙasashe mazauni su ke bi da haraji. In ka bar ƙasa, galibi sun bar ka. Ita kuwa ɗanta ta ke bi duk inda ya ke, ko ya shekara talatin bai taka ƙasarta ba, sai ya rubuto mata abin da ya samu a shekara in ya kai wani adadi. Eritiriya kaɗai a kan ambata tare da ita a wannan ɗabi'a. To, tun da ya ke ta san hanyar gidan mutum ranar jangali, adalci ne ta san ta ranar rabon gishiri. Dokar kuwa ba ta ware mazauna waje ba. Sharaɗin dai shi ne mutum ya zama ɗan ƙasa, ko baƙon da dokar haraji ta lissafa cikin mazauna, kamar mai katin zama na dindindin, ya kuma kasance yana da lambar nan da Gwamnati ke ba ma'aikata don fansho. A wannan gefe mun yaba musu, ko da ya ke a rabon farko sun yi wani tuntuɓe: ɗan ƙasar da ya haɗa takardar harajinsa da matarsa wadda ba ta da lambar, an hana su duka biyu, ba a gyara ba sai a dokar Disamba.

Kada kuma a raina adadin. A rabin ƙarshe na 2020 canjin Gwamnatin Nijeriya yana wajen naira 380 ga dala guda, watau dala 1,200 sun haura naira 450,000, a lokacin da mafi ƙanƙantar albashi naira 30,000 ne a wata. Albashin wata goma sha biyar ke nan a takarda guda, ban da abin da 'yan canjin Wapa za su ɗora a kai. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu ƙanana, in duk sun cika sharaɗi, rabonsu na farko kaɗai dala 4,400 ne.

Hukumar harajin Amurka, wadda su ke kira IRS, ita aka ɗora wa rabon. Wanda ta ke da lambar asusunsa ta zuba masa kai tsaye, har kafin tsakiyar Afrilu na 2020 ta wuce mutum fiye da miliyan 80 sun ga kuɗinsu. Amma asusun sai na bankin da ke cikin Amurka, hukumar ba ta zuba wa kowa a bankin waje ba. Saboda haka mazaunin nesa, wanda ya rufe asusunsa tun ranar da ya ɗaure kayansa, sai aka buga masa ceki, aka sa a ambulan, aka jefa a gidan waya. A wane lokaci? A lokacin da gidan wayar Amurka da kanta ta yi shela cewa ta dakatar da kai wasiƙu ƙasashe masu yawa, don babu jiragen da za su ɗauka. Nijeriya ta rufe filayen jiragenta ga fasinjan waje a watan Maris na 2020, ba a buɗe na Ikko da Abuja ba sai ran 5 ga Satumba. Ko a zaman lafiya ma mun san halin wasiƙa a garuruwanmu: gida ba lamba, lungu ba suna, akwatin gidan waya kuwa na wani ɗan'uwa ne wanda ya bar biyan kuɗinsa tuntuni. Hukumar ta san da haka, shi ya sa ta ce mai adireshin waje ya jira mako tara kafin ya kawo kukan ɓatan takardarsa, a fom mai lamba 3911. Cekin baitulmalin Amurka kuwa ransa shekara guda ne daga ranar da aka buga shi, in ya wuce haka ya mutu, sai an roƙi sabo. An dai buga sunan Shugaba Trump a jikin cekin farko, abin da ba a saba yi ba, amma sunan bai yi wa takardar fiffike ba.

Mu ce takarda ta tsira, ta iso. A nan ne wanda bai sani ba ya kan yi murna da wuri. Ceki ba kuɗi ba ne, wasiƙa ce daga mai kuɗi zuwa ga ma'ajinsa cewa ka ba wane kaza. Ma'ajin kuwa yana Amurka. Bankin Kano ko na Yamai, in ma ya yarda ya karɓa, ba zai jawo aljihun tebur ya ƙirga maka dala ba. Sai ka kasance kana da asusun kuɗin waje a wurinsa, sa'an nan ya mai da takardar can inda ta fito, ta hannun wani bankin da ya ke hulɗa da shi, a duba sa hannu, a tabbatar ba ta jabu ba ce, kuɗin su biyo baya bayan makonni, kowane hannun da suka ratsa kuwa ya yanki ladansa. Bankuna da yawa, har a ƙasashen Turai, sun bar wannan aiki, don wahalarsa ta fi ribarsa. Ƙari a kan haka, tun 2010 Amurka ta yi wata doka mai suna FATCA, wadda ta ɗora wa bankunan duniya su riƙa ba ta labarin asusun 'ya'yanta, wanda ya ƙi a yanke kashi 30 cikin ɗari na waɗansu kuɗin da ke fito masa daga can. Sai waɗansu bankuna suka ga hutunsu shi ne su guji mai fasfon Amurka baki ɗaya. Can gida kuma waɗansu ba su son riƙe asusun wanda adireshinsa ke waje. Mutum yana riƙe da dala 1,200 a tafin hannunsa, 'ya'yansa suna jiran tuwo: ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

A nan mu ke ganin laifin Gwamnatin. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa kyauta da sadaka ba su kammala sai wanda aka ba ya mallake su a hannunsa. Faɗar baki tana ɗaura alkawari, amma karɓa ita ke cikawa. Wannan hukunci ko wanda bai taɓa riƙe allo ba hankalinsa zai kama shi. In Sarki ya ce an ba ka doki, dokin kuwa yana ɗaure a bargar da ba ka da ikon shiga, ai har yanzu da ƙafa ka ke tafiya. Akawun baitulmali ya rubuta "an aika" ranar da injinsa ya buga takarda, ya rufe littafi, ya ɗauka ya sauke nauyi. Bai sauke ba. Agaji ba kamar sauran bashi ba ne da za a ce ko yaushe ya zo ya yi. Amfaninsa yana cikin lokacinsa, kamar ruwan kashe gobara. Ba kuma za a ce hanyar ce babu ba. Hukumar fanshon ƙasar ta daɗe tana zuba wa tsofaffinta kuɗinsu kai tsaye a bankunan ƙasashe masu yawa. Abin da ofis ɗaya ya iya, na maƙwabcinsa zai iya in an so. Gwamnatin da ta tilasta wa bankunan duniya su gaya mata inda ɗanta ya ajiye kuɗinsa, ba ta da bakin cewa ba ta san inda za ta zuba masa nasa ba.

Mutane dai ba su zauna ba. Wanda ya bar asusunsa na can a buɗe ya fi kowa sa'a, ko da ceki aka aiko masa sai ya ɗauki hoton gaba da bayansa da wayar hannu, bankin ya karɓa daga nesa. Waɗansu suka buɗe asusu a kamfanonin aika kuɗi ta intanet, masu ba da lambar banki irin ta Amurka. Waɗansu suka mai da takardar ga wani ɗan'uwa a can, suka tarar bankuna da yawa ba su son karɓar cekin baitulmali mai sunan wani a asusun wani. Sai kuma hanya ta ƙarshe, wadda ita ce za mu tsaya a kanta: mabuƙaci ya sami wani mai hannu da shuni, wanda ke da hanya a can, ya ce masa, Alhaji, ga takarda ta dala 1,200, ba ni dubu yanzu, in ta fito sauran naka ne.

Wannan ciniki ba sabo ba ne. Imamu Malik ya kawo labari a Muwaɗɗa cewa a zamanin Marwan ɗan Hakam an fitar wa mutanen Madina takardun rabon abinci, wanda a ke saukewa a Jar, tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Bahar Maliya. Sai mutane suka shiga saye da sayar da takardun a tsakaninsu tun ba a karɓi abincin ba. Zaidu ɗan Sabitu da wani Sahabi suka shiga wurin Marwan suka yi masa inkari, shi kuwa ya tura dogarai suna bi suna karɓe takardun daga hannun mutane, suna mayar wa masu su. Sunan irin wannan takarda da Larabci sakku, har waɗansu masana na jingina kalmar ceki gare ta. Ka ga ashe tun ranar da hukuma ta fara rubuta wa talaka rabonsa a takarda, mai kuɗi ya fara tsayawa tsakanin takardar da rumbu.

To, wancan abinci ne. Namu kuwa kuɗi ne, hukuncinsa ya fi tsanani. Dala da dala ba a musanya su sai daidai wa daida, hannu da hannu. Dubu yau a kan dubu da ɗari biyu bayan wata biyu, ko wane suna aka raɗa masa, rance ne da ya jawo ƙari. In kuma da naira aka biya shi, an tsira daga sharaɗin daidaito, tun da jinsi ya bambanta, amma ba a tsira daga na hannu da hannu ba, gama ɗaya ya tafi da nasa, ɗaya yana jiran takardar da ba a san ko za ta fito ba. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana sayar da takardun bashi a kan ragi saboda wannan dalili. Mu kan ji masu wannan sana'a suna cewa taimako su ke yi. Taimakon da ya yanki sudusin abincin yara a shekarar annoba, a nema masa wani suna.

Mafita kuwa a buɗe ta ke, ba ta da tsada. Mai takarda ya wakilta wanda ke da hanya ya karɓo masa, in bankinsa ya yarda da haka, a yanka lada sananne na wahalarsa da abin da banki zai cire. Kuɗin in sun fito na mai takarda ne, in takardar ta mutu ba tare da sakacin wakili ba, ba a kansa ba ne. In yunwa ba za ta jira ba, mai hali ya ranta masa abin da ya sawwaƙa, ya karɓi daidai abin da ya ranta. Sai dai a kula, kada a ɗaure rancen da ladan a igiya guda har ladan ya kumbura saboda rancen, in an yi haka an fita ta ƙofa an komo ta taga. Har wa yau akwai wata amana ta cikin gida wadda ba a faye ambata ba. Miji da matar da suka haɗa takardar haraji, ceki guda a ke buga musu, na dala 2,400. Rabin nan na matar nata ne, da sunanta aka yanka shi, ba ya zama na miji don shi ya je banki, sai in ta bar masa da daɗin rai.

Yanzu sai ɗaya fuskar, wadda ta fi wuyar faɗi, watau waɗanda kuɗi suka zo musu alhali ba nasu ba ne. Garajen rabo ya sa an yi ɓari mai yawa. A watan Yuni na 2020 ofishin binciken kuɗi na Majalisar Amurka ya ba da rahoto cewa zuwa ƙarshen Afrilu an aika biya wajen miliyan 1.1 ga matattu, kuɗin sun kusa dala biliyan 1.4. Haka kuma baƙin da suka yi ɗan zama, ɗalibai da masu aikin 'yan watanni, waɗanda suka cika fom ɗin haraji na mazauna mai lamba 1040 maimakon na baƙi, 1040-NR, inji ya lissafa su cikin masu rabo, ya bi waɗansunsu da ceki har ƙasashensu. A Satumba na shekarar jaridu suka ba da labarin waɗansu tsofaffi a ƙasar Ostiriya ta Turai, waɗanda suka taɓa ɗan aiki a Amurka tun suna samari, sun wayi gari da ceki a akwatinsu, suka kai banki aka biya su. Dubi wannan al'amari! Mai haƙƙi yana nema bai samu ba, wanda ba shi da haƙƙi an kai masa har ƙofa.

Wanda irin wannan ta sama cikin ɗalibanmu da suka komo, ya kan sami masu ba shi fatawar son rai. Wani ya ce tsintuwa ce. Ba tsintuwa ba ce. Tsintuwa ita ce wadda ba a san mai ita ba, shi ya sa a ke cigiyarta shekara guda, wannan kuwa sunan mai ita da tambarinsa suna jikinta. Wani ya ce dukiyar Gwamnati ba ta da mai ita. Wannan magana ita ta rushe mana asibitoci da makarantu a gida, ba mu ga dalilin da za mu yi mata biza ba. Baitulmalin can gumin masu biyan haraji ne, a cikinsu har da ɗan'uwanka mai kwana a kan sitiyari. Wani ya ce ai ba Musulmi ba ne. Wanda ya shiga ƙasar mutane da iznin hukumarsu, da amana ya shiga, ya kuma sa hannu zai bi dokarsu. Kuskuren akawunsu bai halatta masa dukiyarsu ba. Ta fuskar duniya ma, takardar harajin da ta ce kai mazauni ne, alhali bizarka ta ce baƙo ne, tana nan a ajiye, ba ta ruɓewa.

Hukumar ta bayyana yadda a ke mayarwa. In cekin yana nan, a rubuta kalmar VOID a bayansa, wurin sa hannu, watau an soke, a haɗa da 'yar wasiƙar bayani, a aika. Ofishin da aka ware wa mazauna waje shi ne na garin Austin a jihar Tekzas. In an riga an ci kuɗin, a aika kwatankwacinsu da sunan baitulmalin Amurka. Wanda ya cika fom ba daidai ba kuma ya gyara da fom 1040-X. Wucewar shekaru ba ta mai da abin wani ya zama naka.

Batun mamaci kuwa yana son natsuwa, domin ya shafi gado. Dokar Disamba 2020 ta yanke cewa wanda ya rasu kafin 1 ga Janairu, 2020, ba shi da rabo a na farko da na biyu. A na uku kuwa iyakar ita ce 1 ga Janairu, 2021. Saboda haka in mutum ya rasu kafin ranar da aka yanka, kuɗin ba su shiga dukiyar da ya bari ba, ba a biyan bashinsa da su, ba a yi masa sadaka da su. In kuwa bayan ranar ya rasu, haƙƙinsa ne, sai a nema ta hanyar da hukumar ta tsara wa magada, a haɗa da sauran abin da ya bari a raba, ba na wanda wasiƙa ta faɗo hannunsa ba ne. Kwaikwayon sa hannun wani a bayan cekin baitulmali, rayayye ko matacce, babban laifi ne a dokarsu, ɗaurinsa na iya kai shekara goma.

Wanda rabonsa bai iso ba an bar masa wata ƙofa, ya nema a cikin takardar haraji ta shekarar. Wa'adin da hukumar ta shelanta na rabon 2020 ya cika ran 17 ga Mayu, 2024, na 2021 kuma ran 15 ga Afrilu, 2025. A Disamba na 2024 ta ce za ta aika da kanta ga mutum wajen miliyan ɗaya, kuɗi wajen dala biliyan 2.4, waɗanda suka cika takardar 2021 amma ba su nemi rabonsu a ciki ba. Wanda bai cika komai ba, rabonsa ya zauna a baitulmali. Abin tausayi shi ne da yawa tsoro ne ya hana su, kada a tono shekarun da ba su rubuta ba. Alhali a 2020 dokarsu ta yafe wa mazaunin waje haraji a kan ladan aikinsa har dala 107,600, adadin da kaɗan ne cikinmu ke kusantarsa, kuma tun 2014 hukumar ta faɗaɗa wata hanya ga wanda ya bar rubutawa bisa rashin sani, ya kawo takardun haraji na shekara uku da bayanin asusunsa na shekara shida ba tare da tara ba. Rashin mai gaya musu ya ci musu dala 3,200.

Ƙofar ta rufe, amma 'yan damfara ba su rufe tasu ba. Saƙonni kan yawo a WhatsApp da Facebook cewa an buɗe sabon rabo, a danna nan, a kawo lamba, a biya 'yan kuɗin cike fom. Rabon korona sau uku aka yi, na ƙarshe a 2021, kuma tun farko bai shafi wanda ba shi da takardar ƙasar ba. Hukumar harajin ta sha faɗi cewa ba ta fara neman mutum ta saƙon waya ko ta irin waɗannan dandali, ba ta kuma karɓar ko anini don ta saki haƙƙin wani.

Mu komo ga umurnin 2025. Dalilin da aka bayar shi ne ceki ya fi biyan banki yawan ɓata da sata da sauyawa har ninki 16, ba mu kuma musa wannan ba, mun ga abin da gidan waya ya yi. Amma tsani mai karyayyen mataki ya fi babu tsani. In za a ɗauke takarda daga hannun mazaunin nesa, wajibi ne a buɗe masa hanyar bankin garin da ya ke zaune, yadda hukumar fansho ta yi wa tsofaffi. In ba haka ba, an gyara wa na kusa, an ƙara toshe wa na nesa.

Namu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai niyyar komowa gida ya bar asusu guda a raye a can, da sunansa, domin hukumar ba ta zuba haƙƙin mutum a asusun wani, ko da ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Ya sanar da ita sabon adireshinsa a fom 8822. Ya nema wa 'ya'yansa lambarsu tun suna ƙanana, ta ofishin jakadanci. Ya kuma sani in jimlar abin da ke cikin asusunsa na nan ta haura dala 10,000, ko da na yini guda ne a shekara, doka ta ɗora masa ya sanar da baitulmalinsu; kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Dattijon da ya dawo da furfura kuma ya rubuta a wasiyyarsa, gaban shaidu biyu, sunan bankin da inda takardunsa su ke, ya nuna wa babban ɗansa da uwargida, gama bankin can ba ya jin rantsuwar mai unguwa, takardar shaidar mutuwa da ta kotu zai nema kafin ya saki ko dala guda.